Neman muryar Haliru a Yelwa, Shanga da Wara

Ana sallame sallar asuba muka bar Birnin Kebbi, ni da wani abokin aikina, a tsohuwar motarsa mai ƙugi kamar injin niƙa. Masu bibiyata sun saba in kawo musu labarin tafiya cike da hoton abinci da tsokanar direbobi, to wannan karon sai ku yi haƙuri da ni. Ba yawon buɗe ido na je ba. Na je neman muryar mutumin da muka binne wata biyu da suka wuce, kuma tun kafin mu wuce Kalgo jikina ya ba ni da wuya in same ta.

Sunansa Haliru, ɗan Yelwa ne ta Yauri, shekara shida muna aiki a tebur ɗaya. Bari in ɗan yi bayanin sana'armu, don in ban yi ba sauran labarin ba zai zauna ba. Duk saƙon da ka tura ta waya, akwai wani lissafi da ke hautsina shi ya zama shirme, yadda ba mai ganewa sai wanda ke riƙe da mabuɗinsa. Irin waɗannan dabarun kullewa suna da yawa. Wata tana da ƙarfi amma nauyi gare ta, wata tana da sauri amma shan batir ne da ita. Mu ba ƙirƙirar su muke yi ba, aunawa ce aikinmu. Mun rubuta wata manhaja da Haliru ya laƙaba wa suna Mudu. Ka nuna mata folda, sai ta kulle duk abin da ke ciki, ta duba daƙiƙa nawa ta ci, ta buɗe, ta tabbatar abin da ya fito shi ne abin da ya shiga, sannan ta rubuta batir ɗin da aka sha da zafin da wayar ta yi. In ta gama da wannan dabara sai ta koma wata.

Haliru ya tsani awon da ake yi a ofis, kan sabuwar waya, ƙarƙashin fanka. Yakan ce wannan yaudarar kai ce, domin mutanensu na bakin ruwa tsofaffin wayoyi ne a hannunsu, caji sai an kai shago, rana kuma ba ta raga wa kowa. Kuma ba rubutu suke turawa ba, murya ce. Don haka ya ɗauki Mudu ya kai ta gida, ya sa ta a waya uku. Ɗaya ya bar wa wani mai injin ban ruwa a Shanga, ɗaya wajen wani mai jirgi a Wara, ta ukun kuwa wayar mahaifiyarsa ce, Inna, don a cewarsa duk Yauri babu wayar da ta kai ta tsufa da taurin kai. Ƙa'idar awo ita ce abu ɗaya za ka ba kowace waya ta kulle, in ba haka ba ba za ka san wadda ta fi ba. Sai ya zaɓi foldar da ta fi girma a wayar Inna, ya kwafa ta a sauran biyun.

Foldar nan muryarsa ce. Idon Inna ya yi rauni, ba ta kuma karanta boko, shi ya sa duk zuwan da ya yi gida sai ya zauna kusa da ita ya naɗar mata magana a wayarta: addu'o'in safe da yamma, yadda za ta sha maganin hawan jini, da surutansa na banza masu sa ta dariya. Kullum in ta idar da sallar asuba sai ta kunna. A zuwansa na ƙarshe ya sa Mudu aiki a wayar, kafin ta kai ga buɗe abin da ta kulle batir ya mutu. Da aka yi caji, muryoyin duk sun zama shirme. Ya ce wa Inna kada ta damu, akwai kwafi a kwamfutarsa, da ya dawo zai mayar mata. Sati uku bayan haka zazzaɓi ya kwantar da shi, kwana biyar a asibiti Allah ya karɓi abinsa. Ƙanwarsa ce ta kira ni makon jiya. Ta ce Inna ba ta kuka a gaban mutane, amma ta daina hira, abinci ma sai an yi da gaske. Ta ce tunda tare muke aikin, ko zan iya dawo mata da muryar?

A Jega muka karya. Abokin tafiyata mutum ne da ba ya yarda a wuce mai shayi ba a gaisa ba, don haka muka zauna a benci, ya sha kofi biyu da burodi, ni na sayi ƙosai da kunu wajen wata dattijuwa. Ƙosan ya ƙanƙance sosai. Na yi mata ƙorafi, ta ce in je in tambayi mai wake da mai mai, ita ma aikatau take yi musu. Daga nan hanya ta miƙe. Damina ta janye, gero ya nuna, an fara kafa dammuna a gonaki, manyan motoci ɗauke da buhuna suna kauce wa ramuka kowa da gefen da ya ga dama. Abokina yana ta ba ni labarin wani makanike da ya cuce shi, ina cewa "to" ba tare da na ji rabi ba.

Abin da ke cin raina shi ne wanda ban gaya wa ƙanwar Haliru a waya ba: da hannuna a wannan asarar. Mudu tana ƙirƙirar sabon mabuɗi duk lokacin da za ta yi awo, ta riƙe shi a ƙwaƙwalwar waya kawai, in an gama ta watsar. In waya ta mutu kafin a buɗe abin da aka kulle, mabuɗin ya tafi ke nan. Haliru ya hango haka tun muna rubutawa. Ya ce mu sa ta ajiye mabuɗin a katin memori har awo ya kammala. Ni kuwa na kafe. Na ce ajiye mabuɗi kusa da abin da aka kulle abin kunya ne ga masu sana'armu, kuma rubuta shi zai ƙara lokaci ya ɓata mana awo. Kwana biyu muna musu, na kayar da shi, har na yi masa dariya. A tunanina wa zai yi gwaji da abin da yake ƙauna? Ban zaci zai zuba muryarsa ta gaske a ciki ba, ko da yake ya kamata in zata, don na san halinsa.

Kwamfutarsa kuwa tana ofis, a kulle da kalmar sirrin da ya tafi da ita. Na gwada sunan Inna, na gwada sunan unguwarsu, na gwada duk wani baƙar magana da ya saba yi mini, ba ta ko motsa ba. Dabarar da ta kulle ta ita ce wadda awonmu ya nuna ta fi ƙarfi, kuma ni na ba shi shawarar ya yi amfani da ita. Na san lissafin sarai. Ko na tara duk kwamfutocin Kebbi su yi ta gwaji, jikokin jikokina ba za su ga ƙarshensa ba. Fatana ya rage kan katin Inna, da kwafin nan biyu na Shanga da Wara.

Bayan mun wuce Koko, da muka iso inda ake ratsewa zuwa Shanga, abokina ya rage gudu ya ce mu fara shiga mu rage wa kanmu mai. Na ce a'a. Ban je wa Inna gaisuwa ido da ido ba tun rasuwar, ba zan fara da karɓar kaya ba. Ya yi tsaki don man, amma ya san gaskiya ce. Mun shiga Yelwa rana ta take. Tun kafin ka ga ruwa hancinka zai gaya maka ka iso, don ƙamshin bandar kifi da na albasa sun gauraye garin. Gidan su Haliru yana wata unguwa da ke gangarawa bakin kogi, mota ba ta shiga lungun, sai muka ƙarasa a ƙafa.

Mun tarar da Inna zaune kan tabarma a gindin darbejiya, 'yar ƙaramar tsohuwa, carbi a hannu. Na durƙusa na gaishe ta, na ce ya haƙuri, ta ce da godiya. Ta miƙo hannu ta lalubi kafaɗata.

"Kai na abokin nai mai gardama?"

Na ce ni ne, Inna.

"Yakan hwaɗa min kai ɗai ka kada shi ga magana. Ku zamna ku ci abinci tukuna."

Aka kawo tuwon shinkafa da miyar kuka mai busasshen kifi. Tuwon ya yi daɗi, amma ni kaɗan na ci. Sai da aka kwashe kwanuka ta ɗauko wayar daga ƙarƙashin matashi ta ajiye a gabana. Ta ce, "Ni ba duka nika so ba, ɗana. Ko ta maganin nan kaɗai, inda yaka yi min hwaɗa in na mance. Ko guda, in ji shi." Na ce in Allah ya yarda. Na faɗe ta ne ina kallon tabarma.

Da na buɗe bayan wayar sai na ga katin ciki sabo ne fil. Ƙanwar Haliru ta ce ai da muryoyin suka ƙi kunnuwa, bayan sadakar bakwai ta kai wa wani mai gyara a kasuwa, ya ce katin ya lalace, ya cire ya sa sabo. Raina ya ɓaci, har na buɗe baki zan yi faɗa, sai na tuna wanda ya fi cancanta da faɗan. Da la'asar muka je kasuwar. Mai gyaran ya tuna wayar, don ya ce bai taɓa ganin irinta tana numfashi ba. Tsohon katin kuwa ya nuna mini kwandon shara, ya ce an juye shi ya fi sau hamsin tun ranar. Ba mugunta ya yi ba, abin da ya sani ya yi. Muka fito ta layin masu kifi. Giwan ruwa da ragon ruwa da ƙarfasa suna nan jibge, amma tsadarsu sai ka rantse daga wata ƙasa aka kawo su, ba daga ruwan da kake hangowa ba.

Washegari da hantsi muka koma baya zuwa Shanga. Hanyar ta fi ta jiya wahala, akwai inda ruwan damina ya cinye rabinta, sai ka jira na gaba ya wuce kafin ka bi. Amma ƙasar tana da kyau. Fadama ce shimfiɗe har inda ido ya tsaya, shinkafa ta yi ja, ana yanka ana bugu a jikin durom, mata suna sheƙa. Garken shanu ya tare mu kusan minti goma, makiyayin ya ɗaga mana sanda alamar haƙuri, shanun kuwa ko a jikinsu.

Mai injin ban ruwan dattijo ne dogo mai fara'a, mun same shi a bakin gonarsa yana kwance tiyo. Da na ce daga wajen Haliru muke, fuskarsa ta washe.

"Ina mutumin nau? Ya ce shina zuwa cin sabuwar shinkahwa, ga ta ta nuna, shi shiru."

Ashe bai ji ba. Wayar da yake amfani da ita ta ɓace masa tun tsakiyar damina, ba wanda ya same shi ya gaya masa. Ban taɓa kai wa mutum labarin mutuwa ba sai ranar, kuma ban iya ba, na faɗe ta a dunƙule. Dattijon ya saki tiyon ya zauna a kan kunya, ya yi ta salati. Sai da ya natsa na yi maganar wayar gwajin. Ya kai mu gida ya ɗauko ta, tana nan lafiya lau, amma babu kati a ciki. Ya ce maiɗakinsa ta sami rediyo mai cin memori, shi kuma ya ga katin zaune a wayar da ba a kira da ita, sai ya cire ya kai kasuwa aka zuba mata karatu da wa'azi. Mai zubawar ya share komai don ya sami fili.

Na karɓi katin na sa a kwamfutata a zauren gidan. Wani lokaci abin da aka share yakan rage a ƙasa in ba a rubuta wani a kansa ba. Wannan kuwa an cika shi taf, babu ko kusurwa. Na yi awa guda ina bincike don kawai kada in tashi da wuri. Dattijon yana tsugune a gefe yana cewa wallahi da ya san abin da ke ciki da ko rediyon ba zai bari a saya ba. Na ce masa ba laifinsa, kuma har zuciyata nake nufi. Da za mu tafi ya sa aka ɗora mana rabin buhun sabuwar shinkafa a but ɗin mota, ya ce a kai wa Inna, rabon Haliru ne.

Rana ta uku muka nufi Wara ta ƙasar Ngaski. Mun fita da sassafe saboda an ce mana gara a je a dawo da rana a sama. Akwai shingayen jami'an tsaro a hanya, a kowane sai an leƙa jakata an tambayi abin da nake yi da wayoyi da igiyoyi haka. A na farko na yi ƙoƙarin bayanin awon dabarun kulle bayanai, na ga idon mutumin yana ƙanƙancewa. Daga nan abokina ya hana ni magana, duk inda aka tambaya sai ya ce mai gyaran waya ne, a ce mu wuce. Mun sha fura da nono a wani ƙauye inda matan ke magana da Kambarci a tsakaninsu, su juyo su yi mana ciniki da Hausa. Furar ta fi ta birni nesa ba kusa ba.

A Wara ruwan ya daina zama kogi. Ka tsaya a gaɓa ka duba, ɗaya gefen sai dai ka yi zato. Mai jirgin da muke nema Bagunge ne, cikin mutanen tsibiran ruwan, kakkaura, ba shi da yawan magana, kuma shi ya ji rasuwar. Ya ce wayar ba ta tare da shi, tana gida a tungarsu, sai an shiga ruwa. Abokin tafiyata bai iya iyo ba. Ya sa rigar ruwa ya ɗaure ta har wuya, ya rungume bencin jirgin, duk addu'ar da ya sani sai da ya karanto, har da ta shiga kasuwa. Wannan kaɗai ne ya ba ni dariya a tafiyar. Muna tsakiyar ruwa mai jirgin ya nuna ƙasa da leɓe ya ce nan ne garin kakanninsa kafin a gina madatsa ruwa ya cinye shi, da rijiyarsu da kasuwarsu. Na leƙa, ban ga komai ba sai inuwar kaina.

Tungar 'yan bukkoki ce da rumfunan banda, taruna a shanye ko'ina. Ya shiga ɗaki ya fito da gwangwanin madara, ya buɗe, ya zaro ƙullin leda, cikin ledar wata leda, sannan wayar. Ya ce Haliru ya ce masa amana ce, shi kuma ba ya wasa da amana. Kullum yana jona ta a batirin jirgi yadda aka nuna masa, har wata rana da zafi ya yi yawa bayanta ya kumbura ta mutu, sai ya naɗe ya ajiye. Na ɓalle murfin da farce. Katin yana ciki. Na zaro shi na sa a kwamfutata.

Foldar ta buɗe, ga sunayen a jere yadda Haliru ya rubuta su da kansa. Inna addu'ar safe. Inna magani. Inna in kin ji jiri. Inna labarin akuyar maƙwabta. Sun fi talatin. Kuma kowane ɗaya da alamar da Mudu ke sa wa abin da ta kulle. Na buɗe takardar da take rubuta sakamako a ciki, layin ƙarshe ya tsaya a rabi. Ta gama kulle foldar gaba ɗaya da dabarar nan mai nauyi, zafi ya kai ƙarshe, ba ta kai ga buɗewa ba. Daidai inda wayar Inna ta mutu ke nan. Nan take na gane ba tsautsayi ba ne kawai, a wannan gaɓar ce tsohuwar waya ta fi wahala, shi ya sa a nan suke faɗuwa. Abin da Haliru ya zo nema bakin ruwa ke nan, ga shi ya samu. Na zauna a ƙasa cikin ƙaiƙayin kifi na yi kuka, kukan da ban yi ba ko a maƙabarta.

Abokina ne ya ja kwamfutar gabansa yana bin jerin sunayen har ƙasa don ya ba ni wuri. Can ya ce, wannan na ƙarshen fa, ba shi da alamar. Na duba. Wani ɗan mitsitsin fayil ne, ko suna ba shi da shi sai lambobi. Mudu ba ta taɓa abin da ya cika ƙanƙanta, don lokacin kulle shi bai isa a auna ba, ni kaina na mance da wannan ƙa'idar. Tsawonsa daƙiƙa huɗu. Na danna. Aka ji kukan zakara daga nesa, sai muryar Haliru, kusa da waya, da dariya a cikinta:

"Inna, nan za ki danna. Yawwa, kin iya!"

Shi ke nan. Da alama ranar da ya fara koya mata ce. Mai jirgin ya juya mana baya yana kallon ruwa. Na kwafi fayil ɗin a kwamfutata, a wayata, a wayar abokina, har da ta mai jirgin, ban kulle ko ɗaya ba.

Mun iso Yelwa bayan la'asar. Na sauke shinkafar, na isar da gaisuwar mutumin Shanga, sannan na zauna gaban Inna. A hanya na shirya yadda zan sassauta maganar, amma da na ga fuskarta sai na faɗa mata komai. Na ce na samu, amma guda ɗaya ce, kuma gajeriya. Na ce sauran suna cikin katin amma a kulle, ba ni da mabuɗin, ba wanda yake da shi. Na ce Haliru ya so a yi abin yadda ba za a rasa ba, ni na hana, gardamar nan da yake ba ki labari ita ce ta jawo. Na zuba fayil ɗin a wayarta, na ɗora yatsanta a wurin.

Ta danna. Muryar ta fito. Ƙanwarsa ta toshe baki ta shige ɗaki. Inna kuwa ta karkata kai wajen wayar, ta ce a hankali, "Na iya, Haliru." Ta sake dannawa. Ban ƙirga sau nawa ba. Da ta ajiye, ta goge ido da gefen mayafi ta juyo inda nake.

"Shi yas sa muryatai ciki, kai kak kulle, Allah yaƙ ƙaddara. Wa za ni kamawa? Tashi daga durƙuson ga."

Na gyara zama. Sai ta ce, "Sauran hwa, ka ce suna ciki?" Na ce suna ciki, Inna, amma ba za su taɓa buɗuwa ba. Ta ce, "Na jiya. Ba ni katin." Na sa mata shi a tafin hannu, abu kamar farce. Ta lalube shi da yatsa, ta ƙulle shi a haɓar zanenta, ta ƙara ƙulli na biyu.

Washegari muka kamo hanyar gida. Abokina bai tsaya wajen mai shayi ko ɗaya ba, ni ma ban tuna masa ba. Mun shigo Birnin Kebbi ana kiran azahar. Abin da na koyo a tafiyar nan ba mai yawa ba ne, amma ya zauna mini. Shekara da shekaru ina auna ƙarfin kulle, ina alfahari da wanda ba ya ɓalluwa, ban taɓa tsayawa na tambayi wa zai tsaya a waje in mai mabuɗin ya tafi ba. Na kuma gane cewa manhajar da ka rubuta a kan tebur, a hannun mutane za ta ƙare, su kuwa abin da suke ƙauna shi suke zubawa a waya. Na gyara Mudu a ranar da na dawo, yanzu ba ta taɓa abin mutum sai dai ta kwafa ta yi gwaji da kwafin. Ku ma da ke karanta wannan, in akwai muryar wani naku a waya, ku ajiye ta a wuri biyu tun yau, kuma ku bar wa wani amintacce hanyar shiga kayanku.

Saura rahoton awon, wanda dole in kammala, da sunan Haliru a sama. Na cika ko'ina, da lokaci da zafi da batir. Akwai gurbi ɗaya da ake rubuta irin abin da aka yi gwajin da shi. A da mukan sa "fayilolin murya" mu wuce. Yau kwana uku ke nan ina buɗe shafin, gurbin yana nan ban iya rubuta komai ba. Allah ya jiƙan Haliru, ya ba Inna haƙuri.